Gatarin Bahago

Asabar, 7 ga Oktoba

Yawancinmu in muka ga kayan aiki a karkace, sai mu ce ya lalace. Haka na ce yau a kasuwar gwanjo ta garin Rättvik, da na ga wani faffaɗan gatari mai karkatacciyar ƙota, an wasa shi ta gefe ɗaya kawai. Na saya don darasin Juma'a, inda nake kai wa 'yan ajina tsohon abu su canki amfaninsa.

Ylva, 'yata, ta kira. A ƙarshen wata za ta kwashe kayan sassaƙar mamanta ta kai gwanjo. Na ce to. Tun da muka binne matata Gunvor ban buɗe ɗakin aikinta ba.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Yara sun yi ta canka. Tuva ta ce gatarin yankan cuku ne a gidan ƙattai. Na ce musu damshi ne ya lanƙwasa ƙotar. Sun rubuta.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Torsten, yayan Gunvor, ya zo shan kofi da burodin kirfa. Ya ga gatarin, na faɗa masa abin da na koya wa yara. Dariya har da tari.

"Malam mai ilimi! Damshi? Da gangan aka lanƙwasa ta, don kada yatsu su gurje in ana daidaita gefen gungume. Kuma dubi inda ta karkata. Na bahago ne."

Sai dariyar ta tsaya. "Ƙanwata tana da irinsa sak. Duk shekarun nan kana kai mata kofi ɗakin nan, ba ka taɓa gani ba?"

Ita nake kallo, ba hannunta ba. Ban faɗa masa ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Ruwa tun safe. Makullin ɗakin aikin yana cikin aljihun rigar sanyin Gunvor. Na sani.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Na shiga ne kawai don in tabbatar kafin in gyara wa yara. Ƙanshin katako yana nan. Gatarinta yana rataye kusa da taga, irin nawa sak. Na ɗauka da dama, ya ƙi zama. Na mayar hagu, babban yatsana ya faɗa cikin ɗan gurbin da nata ya sassaƙe a ƙotar. Ya yi mini kaɗan.

Na daɗe a tsaye. Kofi ya huce a kicin.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Na gyara maganar damshi. Yara sun ji daɗin kama ni da kuskure, Tuva ta fi kowa, ita ma bahaguwa ce.

Ylva ta tambayi girman motar da za ta ɗauko. Na ce ta dakata tukuna, wai akwai ƙura da yawa.

A ɗakin aikin akwai kayan da ban san sunansu ba cike da bango guda. Na ce wa yara Juma'a mai zuwa ba a aji za mu haɗu ba, a can ne. Kowa ya zo da safar hannu, ya ɗauki ɗaya daga cikin kayan, ya gwada da hagu ya gwada da dama, ya ji wanne ya zauna.