Gorar da Ta Dawo Gidanmu

Zuwa ga Innata, Allah Ya jiƙan ki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, akwai labarin da ke kaɗai nake son ba wa.

Malamarmu ta kimiyya a Kebbe ta zo da wata gorar roba da aka liƙe murfinta da gam. A cikinta akwai na'ura kamar kwalin ashana, wadda ke aika wa wayar Malama saƙon inda take. Ta ce robobin da muke yarwa gulbi ke kwashe su har teku, kifi ya haɗiye su ya mutu. Ana son a san hanyar da suke bi don a tare su.

Da yake ni 'yar Fakku ce, garin da ke bakin gulbin, ni aka ba in jefa ta daga kan gada.

Kwana biyu muna kallon ɗan jan ɗigo yana tafiya a kan taswira. Rana ta uku ya fita daga ruwa, ya shiga gari, ya tsaya. Ajin ya ɗauka wani ɓarawo ne. Malama ta ƙara girman hoton, sai na ga tsamiyar gidanmu. Inna, kin san ni da kunya. Sai na ɓoye musu cewa gidanmu ne.

Ranar Juma'a da na je gida na tarar da gorar rataye a ɗakin Gwaggo Asabe, wadda ta gaji sana'arki ta zoɓo. Wurin wanki a bakin gulbi ta tsince ta. Ta wanke ta tas, tana jiran mai ƙarfin hannu ya buɗe mata murfin.

Sai na tuna ki a bakin gulbin nan, zane a ɗaure, kina tsamo goruna da sanda. Kina cewa, "Gora ba ta mutuwa, ɗiyata, sai dai ta sake uwar ɗaki." Ashe gaskiya kika faɗa. Malama ta ce roba takan fi mai ita daɗewa a duniya. Ina ta tunani: waɗanda sandarki ba ta kai gare su ba, yau suna ina? Ko akwai wadda ta ga tekun da ni da ke ba mu taɓa gani ba?

Ranar Litinin na miƙe a aji, na ce ba ɓarawo ba ne, gwaggona ce. Aka yi ta dariya. Malama ba ta yi ba. Ta tambaye ni mata nawa ke tsintar gora a Fakku, ta ce tana son ganin su.

Gwaggo ta yarda ta saki gorar, amma sai da na ba ta wata a madadinta. Shekaranjiya na sake jefa ta. Yanzu ta wuce inda kike wanki.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowace gorar da kika tsamo ta shiga mizaninki.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rabi