Tambayar da Ban Amsa wa Likita Ba

Zuwa ga Yaya Karima,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da maigidan.

Muna asibiti a Kaduna da ɗan naki, kan yatsunsa da suka manne bayan ƙunar bara. Hanyar dajin nan ta gajiyar da ni har ƙashi. Babansa yana girbi, don haka Baffa Isah, ƙanen surukina, ya rako mu.

Yaya, na yi wauta. Likita ya tambaya ko an taɓa sa yaron barci don tiyata. Kin san ɗan fari, ga suruki a tsaye. Na sunkuyar da kai kamar ba ni na haife shi ba. Baffa ya ce ba a taɓa ba. Ina zai sani? An yi sau biyu, na ƙaba da na ƙunar, tun muna Randagi, katin asibitin kuma can muka baro shi ranar da muka yi gudun hijira.

Daga baya wata nas ta ce suna tambaya ne saboda maimaita allurar barci ga yaron da bai kai shekara uku ba yana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Jibi za a shiga da shi. Ga shi shekararsa biyu da rabi, ko Inna bai iya cewa ba.

Ƙanwarki,
Bushira

Zuwa ga Yaya Karima,

Bayan gaisuwa, ya jikin Goggo? Allah ya ƙara sauƙi.

Na faɗa wa likita gaskiya, a gaban Baffa. An ɗage aikin sai baɗi, tunda yatsun za su iya jira. Baffa ya ɗaure mini fuska har muka iso gida Birnin Gwari, yanzu kuma duk gidan an ji ba ni da ta ido. Su yi ta faɗa, na gaji.

Likitan ya ce babu mai iya tabbatarwa ko alluran barcin da aka yi masa a baya ne suka riƙe masa baki. Ya ce in riƙa yi masa hira, ina kiran sunansa. Ni da ban taɓa furta shi ba.

Jiya a tsakar gida, matan suna surfe, na daure na ce Maliki. Taɓarya ta tsaya, kowa ya waiwayo. Shi kaɗai ne bai waiwayo ba. Ko maganin ne, ko bai san sunan a bakina ba ne, wallahi ban sani ba. Yau ma na kira sau bakwai.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Bushira