Notin Da Aka Yi Don Ya Karye

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Nehemiya, direban taraktarmu, ya zo daga gona da saƙon Baale, mai garin da gonar take. Wai ciyawa ta kai ƙirji, kuma dokar ƙauyensu ba ta canjawa don an yi mutuwa: gonar da ta koma daji ta koma hannun masu ƙasa. Ya ba ni zuwa Babbar Sallah. Ta'aziyyarsa ma a wutsiyar saƙon ta zo, kamar gyara a kan awo.

Tarakta lafiyarta ƙalau. Silasha ce babu, injin saran ciyawar da ake ɗaura mata a baya. Ni kuma ina takaba, ko bakin layi ban isa ba.

Gonar nan ita ce abin da mijina Mamman ya bari da zanen hannunsa a jiki. Ba zan bari ta tafi ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ban taɓa rubuta yadda abin ya faru ba. Silasha ta daki kututture, giyabos ya fashe, mai ya malale. Wani mutum da sai ya dawo gida. Mamman ko ya ɗauki adda ya shiga ciyawa da tsakar rana, ga hawan jini, ga maganinsa a nan kan firij. Nehemiya ya ce bai ko yi sallama da kowa ba, durƙusawa kawai ya yi.

Na tsani injin nan. Da bai fashe ba da yanzu Mamman na tsakar gida yana tsokanata wai Hausata ta Agege ce, rabinta Yarbanci.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na dafa shinkafa har da rabon Mamman. Kuma.

Laraba, 22 ga Mayu

Na tura Nehemiya unguwar Abule Egba wurin Abdulganiyu mai kayan tarakta, ɗan layinmu ne tun muna yara. Hotuna suka yi ta shigowa wayata har ta yi zafi. Wata ja sabuwa fil, 'yar Chana, sai ƙyalli. Wata koriya tokumbo, ta hannu ce, fentinta duk ya koɗe, amma Nehemiya ya ce murfinta kauri ne da shi, wuƙaƙenta kuma suna lanƙwashewa baya in sun haɗu da dutse. Ya ce ƙarfin giyabos ɗinta ya ɗara na taraktarmu, haka ake so.

Na ce masa ni duk ban san wannan ba, wadda ba ta karyewa nake nema. Ya ce, "Mama, babu irin wannan." Na ce to a ƙera.

Na san na yi masa tsawa a banza, bawan Allah.

Asabar, 1 ga Yuni

Matan layi sun zo gaisuwa. Ɗaya ta ce, "Surayya dai dutse ce, ko ɗigon hawaye ba mu gani ba." Rabi yabo, rabi gulma, na san halin kayana. Na zuba musu zoɓo na ce su sha da sanyinsa.

Ba jarumta ba ce. Tsoro nake ji. Gani nake in na fara, babu mai tsayar da ni, ga 'yata Ni'ima tana jarabawa, ga gona. Kewar Mamman nake yi har cikin haƙorana, amma abin ya ƙi fita.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na fita takaba shekaranjiya. Yau na hau bas ɗin danfo zuwa Abule Egba, hayaniyar titi kamar za ta kayar da ni.

Na ƙwanƙwasa jar nan da makulli, ta yi ƙara kamar gwangwanin madara. Koriyar ta amsa da nauyi, waldarta a cike, babu tsatsa a ƙasan murfi. Har na ce a ɗaura, sai idona ya faɗa kan wani siririn noti a sandar da ke juya wuƙaƙen. Duk ƙarfen nan, sai a riƙe shi da wannan tsinken? Na ce a cire a sa mai tauri.

Abdulganiyu ya ce, "Anti mi, rara o, a'a sam. Wannan dama don ya karye aka yi shi. In wuƙa ta daki kututture, shi zai tsinke, giyabos ya tsira. Ki sa sabo, aiki ya ci gaba. In kin sa mai tauri, giyabos ne zai sha dukan."

Na juya wajen Nehemiya. Kansa na ƙasa yana wasa da hularsa. Sai da na kira sunansa sau biyu kafin ya ce, "Oga ya gaji da canjawa. Ya ce yana ɓata masa lokaci. Ya sa na ƙarfen mota."

Na tuna ranar. Mamman ya dawo yana washe baki, yana cewa ya yi maganin abin, ba za ta ƙara tsayar da shi ba.

Na sayi koriyar, da notin cike da leda. Muryata ba ta ko girgiza ba.

Juma'a, 7 ga Yuni

Haushinka nake ji, Mamman. Wata huɗu ina zagin ƙarfe, ashe ƙarfe ya yi ta roƙonka ka tsaya. Kai da ba ka san hutu ba, ciwon kai ka ce yunwa ce, jiri ka ce rana ce. Allah ya jiƙanka, ya kai haske kabarinka. Amma haushinka nake ji.

Talata, 11 ga Yuni

Mun shiga gona da hantsi. Baale ya zo da sandarsa ya tsaya a inuwar kashu yana kallo. Koriyar ta kama aiki, ciyawa na kwanciya a bayanta kamar ana shimfiɗa tabarma. Kafin azahar kunyoyin Mamman na bara sun fara bayyana. Baale ya gyaɗa kai ya ce, "Iya Ni'ima, gonarki ce." Ya tafi.

Can wajen rafi sai na ji ƙas. Wuƙaƙe suka tsaya. Na ruga da gudu, zani na harɗe ni. Kututturen nan ne dai, addar Mamman ma na gefe ta yi tsatsa. Na dafa giyabos. Lafiya lau, da ɗan ɗuminsa. Nehemiya ya sauko ya tsinci guntayen notin ya zuba mini a tafin hannu.

Ɗan abu kamar yatsan Ni'ima.

Na zauna a kan kututturen don in ɗaure su a bakin mayafi, sai ƙullin ya gagare ni. Ban san me ya same ni ba. Wataƙila hayaƙin dizal ne ya shiga idona. Mayafin dai ya jiƙe, maƙogwarona har yanzu zafi yake yi.

Canjin noti ba ya ɗaukar lokaci, na gani da idona daga baya. Amma Nehemiya ya koma kan tarakta ya juya mini baya, ya taka mata wuta tana ta ruri a tsaye, mai na ƙonewa a banza. Bai sassauta ba sai da na gama kukana.