Gurbi Ashirin da Biyu

Garki, Abuja
14 ga Janairu, 1992

Zuwa ga matata Batulu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da Yusra. Yaya ƙafar Iya? Allah Ya ƙara sauƙi.

Mun gama tasowa daga Legas, kwamfutar ofis ma ta iso. Sai dai tun da aka sauke ta daga mota, firogiram ɗin rajistar ma'aikata, wanda na rubuta shekara huɗu da suka wuce kika gaji da jin labarinsa, sai faɗuwa yake yi, sau uku sau huɗu a yini. Kowa ya zama masani. Wasu sun ce ramukan hanyar Lokoja ne suka girgiza ta, wasu sun ce wutar lantarki ce. Oga Nicholas kuwa ya ɗora laifin a kan Magdalene, 'yar unguwar Mpape da aka ɗauka aiki a nan Abuja tana shigar da sunaye, don a hannunta yake faɗuwa. Ya ce in abin bai daina ba, ƙarshen wata ta tafi.

Idan firogiram ya faɗi yakan bar wani fayil da muke kira core, hoton duk abin da ke ƙwaƙwalwarsa a daidai lokacin. Na nema ban sami ko ɗaya ba. Ashe Leonard mai kula da injin share su yake yi kowace safiya, wai suna cinye masa wuri. Na lallaɓa shi ya bar min na gaba.

Abincin buka, na masu sayarwa a bakin hanya, ya ishe ni, kada ki yi dariya.

Mijinki,
Hafizu

29 ga Janairu

Batulu,

Ina gaishe ki, ina gaida Iya da Yusra, da fatan kowa lafiya. Ban iya faɗa wa kowa wannan ba sai ke.

Ranar Litinin na buɗe core. Ya nuna min layin da firogiram ya faɗi, wurin da ake duba jihar ma'aikaci. Ban yarda ba. Na sa Magdalene ta ci gaba da aikinta, ni kuma na shiga firogiram ɗin yana cikin gudu, na tsayar da shi a wannan layin ina binsa taki-taki. Mutumin Kano ya wuce lafiya, na Oyo ya wuce. Da ta shigar da wani ɗan Jigawa, a gaban idona firogiram ɗin ya kife.

Lokacin da na rubuta shi jihohi ashirin da ɗaya ne, sai Abuja. Gurbi ashirin da biyu na yanka musu cif, kowace jiha da lambarta, ban sa abin da zai tare lambar da ta wuce haka ba. Bara aka ƙara jihohi tara, muna can muna ɗaure kaya ba a taɓa rajista ba sai da muka zo nan. Gyaran ba zai fi na minti goma ba.

Batulu, kwana biyu ke nan ban ce uffan ba. Zuciyata tana ta raya min in gyara a ɓoye, abin ya daina, kowa ya huta. Amma an riga an buga takardar sallamarta, kuma ko ya daina Oga zai ce tsoro ne ya sa ta natsu, ya ci gaba da yi mata kallon mara hankali. Kin san yadda nake son a ce aikina ba ya da aibu. Kunya nake ji, tsoro kuma nake ji. Ki yi min addu'a.

Naki,
Hafizu

31 ga Janairu

Masoyiyata Batulu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

Jiya na faɗa wa Oga, a gaban Leonard da ita Magdalene. Na nuna masa layin, na ce ni na rubuta. Ya wanke ni tas da faɗa, har da cewa mu ma'aikatan Legas ɗin ma ba mu fi waɗanda aka ɗauka a nan ba, sannan ya yaga takardar sallamar.

Da muka fito na ba ta haƙuri. Sai ta ciro wani ƙaramin littafi. Duk sunan da firogiram ya faɗi a kansa ta rubuta shi da jiharsa: Yobe, Kebbi, Kogi, Jigawa. Ta ce tun makon farko ta kawo min, na ce ta bari ina da aiki. Wallahi ban ma tuna ba, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo.

Ta ce ba komai, ta koma teburinta. Ina kallo ta buɗe jaka, ta fito da kofin shayinta da hoton 'yarta ta mayar inda suke. Leonard ya ce tun Litinin da yamma ta kwashe su, tana jiran sallama. Ranar da na riga na san gaskiya ke nan.

Ki shafa min kan Yusra.

Mijinki,
Hafizu