Aikin Jami'a Yana Bakin Surukina

Inna Barira, don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle.

Na gama daktora a fannin tarihi, na yi ta zaman gida har maƙwabta suka fara kawo mini yara in duba musu zazzaɓi. Sai ga wata jami'a ta buɗe gurbin bincike na masu daktora, a kan farkon mulkin Nasara a Damagaram. Sharaɗinsu, duk mai nema ya haɗa dosiyensa, wato takardun neman aikin, da hirar wani dattijo da masu bincike ba su taɓa naɗa ba. To, dattijon yana gidanmu a Zango: mahaifin mijina ne. Kakansa ya yi tafinta tsakanin kwamandan Nasara da fadar sarki, kuma a hannun kakan nan ya tashi.

Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Da na ji takun sandarsa sai in zube in gaishe shi, in yi ɗaki. Sunansa ma kin ga ban rubuta miki ba, hannuna ya ƙi. Ranar da na yi ta maza na ɗauki na'urar naɗar murya na nufi zaurensa, gaisuwa kaɗai na naɗo, da tarinsa, da ƙarar takalmina ina gudu. Mijina Mutari ya yi dariya har da hawaye. Na tura shi ya yi mini tambayoyin, suka ɓige da zancen damina. Wani abokin karatuna, Usman, da ke neman gurbin, ya zo har da goro, tsohon ya sallame shi, wai labarin kakansa na 'yan gida ne. Ga ni 'yar gida, ga baki ya ƙi buɗuwa! Haushin kaina nake ji, da na Mutari, da na jami'ar gaba ɗaya. An kusa rufe karɓar dosiye, tarin nan kuma bai saki tsohon ba. In fasa kunyar ko in haƙura da aikin?

Dakta Mai Gudu, Zango

Amsa

'Yata, kin ba ni dariya, kin kuma ba ni haushi. Kin tsaya gaban manyan malamai kin kare daktora, sanda ce za ta kore ki?

Kunyarki ba laifi ba ce, tarbiyya ce, ita ce ma ta sa yake ganin darajarki. Jami'ar ma ba ta zalunce ki ba, aikin ke nan. Amma wa ya ce sai kin zaɓi ɗaya? Kakan mutumin nan ya ci abincinsa ne da tsayawa tsakanin mutanen da ba sa iya magana da juna. Ke ma nemi tafinta. A dangi ba za a rasa ƙanwar surukin naki ko abokiyar wasansa ba. Ki kai mata goro, ta nemo miki izininsa, ki zauna bayan labule kina faɗa mata tambaya tana miƙawa. Mutari kuwa a ba shi riƙon na'ura, ya rufe bakinsa.

Ina zaton tsohon ya kori Usman ne don ke yake jira, shi ma kunyarki yake ji. Sunansa kada ya dame ki, a farkon hirar shi zai faɗa da bakinsa.

Ki je wannan makon. Gurbi in ya wuce wani zai buɗe, amma tarin nan ba ya jiran dosiye. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki aikin.

Inna Barira