Minti Goman Alhaji Buba

Garwa, Talata da dare.

Yau na ga ikon Allah. Tun safe babbar kwamfutar kamfaninmu ta ƙi amincewa da ta reshen Mayo-Oulo. Takardar fitar kaya ta ƙi buguwa, ga motocin albasa biyu a rana suna shirin ruɓewa. Na duba wayoyi, na sauya kalmar sirri, na zargi kowa har da kaina.

Bayan azahar na lura agogon kwamfutarsu ya wuce namu da minti goma. Na kira Alhaji Buba, shugaban reshen.

"Alhaji, wa ya taɓa agogon kwamfuta?"

"Ni ne, Malam. Da wuta ta dawo na daidaita shi da na hannuna."

Na hannunsa kuwa kullum gaba yake, don kada jam'i ya wuce shi.

Ina gyara agogon kwamfutocin biyu suka gaisa, motoci suka tashi. Har yanzu mamaki nake: saɓanin da ya haura minti biyar ya isa na'ura ta ce ba ta san 'yar'uwarta ba. Alhaji kuwa, in ba masallaci ba, sai ya makara awa biyu, kuma ban taɓa fasa buɗe masa ƙofa ba.