Mma, Na Ga Inda Aka Kwantar Da Ke

Daga Yendi, farkon damina.

Zuwa ga Mma,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na san babu direban da zan ba wannan takarda ya kai miki, kuma ba za ki zauna a bakin ƙofarki ta Salaga ki sa tabarau kina bin ta da yatsa ba. Duk da haka zan rubuta. Magana ta cika mini ciki, kuma ke na saba kawo wa.

Muna nan lafiya. Yakubu, surukinki, yana koyarwarsa, ya kuma shuka masara a bayan gida. Na haihu, Mma. Mace ce. Sunanki aka sa mata, Saratu, amma bakina ya ƙi kama sunan, sai muke kiranta Mma Ƙarama. Ta fara zama. Goshinki ne da ita, kuma idan ta ƙi abu, ta ƙi shi ke nan. Wa ta gado?

Kin tuna ranar da kika biyo ta Yendi za ki wuce Bawku? Kika sauke mini doya da daddawa, kika ɗora hannu a cikina kina dariya. Na ce kada ki je, garin bai kwanta ba, kullum sai an ji labarin harbi. Kika ce Iya Laraba yayarki ce, ita ta goya ki, yanzu idonta ya tafi, wa zai dafa mata? Kika ce kafin in sauka za ki dawo, ba wadda za ta yi mini wankan jego sai ke. Na raka ki tasha. Ina ganin ɗankwalinki ta tagar lori har ya sha kwana.

Wata rana ina wanki da hantsi waya ta shigo. Muryar mace ce da ban sani ba. Ta ce ita ce Hajiya Mariya, maƙwabciyar Iya. Ta ce kin faɗi a tsakar gida, hawan jinin nan ne, kuma Allah ya yi abinsa. A lokacin motoci sun daina shiga garin, ni kuma cikina ya tsufa, ungozoma ta hana ni ko hawa babur. Haka aka binne ki, Mma. Ni ce 'yarki ta fari, ban ga fuskarki ba, ban zuba ko dunƙulen ƙasa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, daga ranar na daina yi wa Allah magana. Ban ce babu shi ba. Fushi nake yi da shi, irin fushin da ake yi da na gida. Ke da ba ki taɓa kai tukunyar koko bakin hanya ba sai kin durƙusa kin yi addu'a, me ya sa ya bar ki ki mutu a garin da aka rufe? Wa ya riƙe ki? Wa ya ba ki ruwa? Abin da ya fi ci na ke nan. Na riƙa ganinki kwance a ƙasa ke kaɗai, Iya tana laluben bango tana kiranki.

Da na haihu, mutane suka zo barka, ni kuwa ko murmushi ya gagare ni. Wasu suka ce in yi haƙuri, Kirista ba ya kuka kamar marar bege. Sai na haɗiye kukan. Nono ma ya ƙi zuwa sosai, yarinya tana ta ramewa, Yakubu ya rasa inda zai sa kansa.

Kin san Mama Rifkatu, tsohuwar nan ta zumuntar mata, mai ɗingishi, wadda kika ce muryarta ta fi ta kowa tsami a waƙa? Ita ta zo. Ba wanda ya aiko ta. Ta hura wuta, ta ɗora ruwa, ta yi mini wankan da kika yi alkawari. Kullum da sassafe sai ta zo. Ba ta yi mini wa'azi ba. Wata rana tana gasa mini baya na faɗa mata gaskiya, na ce na kasa addu'a. Ta ce in bar shi, su matan zumunta suna yi a madadina. Ta ce ni 'yar Salaga ce, na san idan tulu ya fi ƙarfin mace a bakin rijiya, ba zaginta ake yi ba, kama mata ake yi a aza. Ta ci gaba da aikinta kamar ba ta faɗi komai ba.

Ita ce ta ja ni zuwa coci bayan na gama jego. Na zauna can baya, don in samu hanyar fita. Ranar fasto ya yi magana a kan yadda Yesu ya je kabarin abokinsa. Bai samu jana'izar ba, sai bayan an rufe shi ya iso. Kuma ya san zai tashe shi, amma da ya ga 'yan'uwan mamacin suna kuka, shi ma sai ya yi kuka. Tun ina yarinya nake jin labarin nan daga bakinki, amma ban taɓa jin sa kamar ranar ba. Ashe shi ma ya san zuwa a makare. Ashe kuka ba rashin bangaskiya ba ne. Na fashe da kuka a gaban jama'a, ban ji kunyar kowa ba. Mama Rifkatu ta karɓi yarinya, ta bar ni na yi har na ƙoshi.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi, muka tashi ni da Yakubu da Mma Ƙarama. Muka bi ta Garu, muka shiga Bawku da rana tsaka, don mu fita kafin dokar hana fita ta kama mu. Garin yana nan, ana sayar da albasa da zabi, amma kowa yana tafiya yana waiwaye.

Hajiya Mariya ta rungume ni tun kafin in faɗi sunana. Ta zaunar da ni a daidai wurin da kika faɗi, ta ba ni labarin da na yi ta tsoron ji. Ba ke kaɗai ba ce, Mma. Tana jin ihun Iya ta tsallako. A cinyarta kika kwanta. Ita ta ɗiga miki ruwa a baki. Ta ce ba ta san abin da Kiristoci suke faɗa wa mai barin duniya ba, sai ta riƙe hannunki kawai, ta bar ki kina kiran Yesu. Mijinta, mai sayar da hatsi, shi ya ratsa unguwannin da mutane ke tsoron bi ya je ya ɗauko fasto. Samarin layinsu, musulmi, su suka taya 'yan coci haƙa kabari. Tun da kika tafi kuma, daga tukunyarta Iya take ci.

Sai ta faɗa mini wani abu. Kin san tun tasowata ba ki taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar 'yar fari irin ta mutanen da. Kullum sai dai "ke", ko "'yar nan". Ina ƙarama abin yana yi mini ciwo idan na ji kina kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya, amma ban taɓa gaya miki ba. Hajiya ta ce da harshenki ya yi nauyi, ana gane abu biyu kawai a bakinki: sunan Yesu, da wani suna da kike ta maimaitawa. Ta tambayi Iya wace ce Talatu. Mma, ashe kin iya faɗinsa? Ashe a gaban Allah kike kira na duk shekarun nan?

Muka je maƙabarta. Kabarinki yana gefen wata ɗorawa, an kafa gicciyen katako, ciyawa ta fara rufe shi. Na durƙusa na cire ciyawar da hannuna. Na ɗebi ƙasa na zuba, ko da yake an riga ni. A nan bakina ya buɗe na yi addu'a, ta farko tun rasuwarki. Ba doguwa ba ce. Na gode masa don ya ba ni ke, na gode don bai bar ki ke kaɗai ba, na ce sauran abin da ban gane ba na bar shi a hannunsa.

Iya ta ƙi biyo mu. Ta ce a nan aka binne cibiyarta da ƙanwarta, ba ta zuwa ko'ina. Yakubu ya ce zai sake komawa ya lallashe ta bayan an yi hutun makaranta. Ɗakinki na Salaga yana kulle har yanzu. Matan layinku suna ta tambaya wa zai gaji teburin koko. Ban shirya buɗe ƙofar ba tukuna, amma zan buɗe.

Kada ki ɗauka na warke. Akwai ranakun da nake ganin mace mai irin tafiyarki a kasuwa, sai in tsaya ina binta da kallo. Amma yanzu idan kewarki ta taso, na san wanda zan kai wa ita, kuma na san ya taɓa tsayawa a bakin kabari. Shi da ya fito daga nasa ba zai manta da naki a gindin ɗorawa ba.

Akwai abin da ni ma kunya ta hana ni faɗa miki da baki. Ina ƙaunarki, Mma. Na gode da goyo, na gode da tashin asuba, na gode da addu'o'in da ban san kina yi ba.

Yarinya ta farka, tana neman nono. Yanzu yana zuwa, har ya yi mata yawa. Bari in je.

Ki huta a hannun Mai Ceto. Ba sallama nake yi miki ba, Mma. Sai da safe.

Ni ce 'yarki ta fari,
Talatu.